Sunan Yanka a Jikin Kwalba

Jiya ina jin ku a bayan kanta kuna dariya, wai aikin ɗakin gwaji ba wani aiki ba ne, a tsira allura, a zuba jini a mashin, mashin ya tofo takarda. Ɗayanku har cewa ya yi in an ba shi sati biyu ya gama iyawa. Ban tanka ba, don akwai mai ciki a kan kujera kuma hannuna na cikin safar roba. Yau da babu layi, ku jawo benci ku zauna. Ni Rifkatu, da kuke kira Anti a gabana, Maman Jini a bayan idona, na fara wanke kwalabe a ɗakin gwaji tun iyayen wasunku ba su san juna ba. Kada ku sunkuyar da kai, na daɗe da sanin sunan, kuma bai dame ni ba.

Wanda ya koya mini aiki Baba Dauda ne, wani dattijo mutumin Deba, siriri, mai tabarau ɗaure da zare. Wata shida cur bai bar ni na taɓa sirinji ba. Wankin kwalba, wankin gilasan da ake shafa jini a kai, shanya su, goge su, shi ke nan aikina. In ya ɗaga gilashi ya hango tabon yatsa, duka kwandon zai mayar mini. Na sha komawa Nasarawo ina ƙunƙuni a kan acaɓa, ina cewa ni ba wanke-wanke na zo koya ba. Ranar da ya ga dama, sai ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗaura igiyar roba da kansa, ya ce in rufe ido in nemo jijiya. Da yatsa ake nemanta, ba da ido ba, tana nan ƙarƙashin fata tana ɗan tsalle in ka danna. Sau uku na tsire shi ban samu ba. Bai ko motsa ba, cewa kawai ya yi gara hannunsa da na ɗan mutane.

Kayan aikinmu na lokacin in kun gani sai ku ce gidan tarihi ne. Madubin duba jini ba shi da ƙwan wuta, hasken rana yake ɗauka, don haka teburin Baba Dauda na bakin taga, in hadari ya haɗo sai a jira. Injin juya jini da hannu ake murza shi kamar na markaɗe, har kafaɗa ta riƙe. Amma duk cikin kayan nan, wanda ya fi tsananta mini a kai biro ne. Dokarsa ita ce a rubuta suna da lamba a jikin kwalba kafin a ɗebi jini, a gaban mai jinin, a karanta masa ya ji. Yakan ce da zarar jini ya shiga kwalba, na sarki da na mai tura baro duk kamarsu ɗaya, ba wanda zai gaya maka nasa ne sai abin da ka rubuta.

Mutane kuwa na gani iri-iri. Na ga ƙaton namiji mai ƙirji kamar ƙofa ya sume don ya hango allura, na ga tsohuwa ta miƙo hannu tana ci gaba da ba ni labarin jikokinta. Wani dattijon Bafulatani da na ɗebi jininsa ya zauna ya ƙi tafiya, da na tambaya ya ce yana jira in gama dubawa in mayar masa da abinsa. Sai da na yi masa bayani da 'yar Fulatancin da na tsinta a kasuwa kafin ya haƙura, washegari ya aiko mini da nono.

Abin da makaranta ba ta koya muku ba shi ne bencin waje. Wanda aka ɗebi jininsa aka ce ya dawo, ba gida ya tafi ba ko da ya tafi, hankalinsa na nan bakin tagarmu. Duk fitowar da za ka yi, fuskarka yake karantawa. In ka fito kana dariya da waya a kunne, ya ce ba a damu da shi ba. In ka fito ka ɗaure fuska don takalminka na matse ka, ya ce shi ke nan, an ga mutuwarsa. In kuma aka ce masa gobe, goben ta zo aka sake ce masa gobe, to ba zai taɓa kawo wa ransa cewa wuta ce babu ba. Abin da zai kawo shi ne an ga mugun abu ana ɓoye masa. Wannan ban gane shi da kyau ba sai a shekarar da komai ya ƙare mana lokaci guda.

A shekarar Baba Dauda ya ajiye aiki ya koma Deba, ni kaɗai ce a ɗakin gwajin wannan ƙaramin asibitin namu na Barunde. Wuta sai ta kwana uku ba a kawo ba, janareto kullum yana wurin mai gyara. Takardar manna suna ta ƙare, sai filasta nake yankawa in rubuta a kai. Takardar gwajin sikila kuwa, wadda ake ɗiga jini a kanta a sa cikin ɗan akwatin wuta, daga Kano ake kawo ta, kuma sai an yi ta jira. Saboda haka ba na kunna akwatin sai na tara jinin da zai cika takarda guda.

Wata Litinin cikin damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke bin yara gida-gida, layi ya kai har bakin ƙofa. A cikin layin akwai wata matashiyar mata daga Bagadaza, sunanta Hajara, iyayenta mutanen wajen Katsina ne. Tana goye da 'yarta ta fari mai shekara biyu, ƙanwar mijinta na gefe riƙe da kati. Likita ya rubuta a duba sikila, don yarinyar ta cika yawan zazzaɓi, idonta ya yi fari, kuma tana yawan kukan da ba a san inda ke mata ciwo ba. Na tambayi suna. Uwar ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi. Ƙanwar mijin ta ce Ummi. Sunan baba fa? Usman. Na duba kati, shi ma Ummi Usman aka rubuta. Na sa a filasta na manna, ban sa lamba ba, don yara uku na tsala ihu a bayansu. Na ce a raina in layi ya ragu zan bi in sa. Ban bi ba. Na ce su dawo Laraba.

Ku da kuka tashi a garin nan kun sani, Ummi ba suna ba ne. In an sa wa yarinya sunan kakarta, ba mai iya kiransa a gidan, sai a ce Ummi. Ga Hajara abin ma biyu ne, sunan surukarta ne, kuma 'yar fari ce, wadda ko da wane suna aka sa mata uwa ba ta kama shi. Ni ma na sani sarai, shekarata nawa a Gombe? Amma sani daban, tunawa da rana tsaka da layi a gabanka daban.

Laraba ta zo babu wuta. Firiji ya huce tun daren Talata, sai da na sayo ƙanƙara na kwashe kwalaben na zuba a kula. Hajara ta zo tun da hantsi, ta zauna a ƙarƙashin bishiyar maina da ke gaban tagata har azahar. Na fita na gaya mata gaskiya, wuta ce. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu gobe.

Ranar Alhamis wajen sha ɗaya aka kawo wuta. Na jiƙa takarda a ruwan maganinta, na jera kwalabe, na ɗiɗɗiga, na rufe akwati na kunna. Bayan kamar rabin awa jinin kowa ya yi tafiyarsa a kan takardar. Na mai lafiya yakan yi nisa, na sikila yakan tsaya a baya, na wanda ya gaji rabi kuma layi biyu yake bayarwa. Na ɗauko biro zan cika takardu, sai na ga gurbi na uku Ummi Usman, gurbi na shida ma Ummi Usman. Na uku AA, lafiya lau. Na shida SS, sikila cikakkiya. Na jawo rajista. Ga su nan su biyu a ranar Litinin, ɗaya daga Bagadaza, ɗaya daga nan Barunde, dukansu shekara biyu, dukansu zazzaɓi. Kwalabe biyu, rubutuna ne a jikin kowace, babu lamba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin hanya mai sauƙi. A rajista 'yar Hajara ce ta fara zuwa, to sai in ba ta farko sakamakon farko, ta biyu na biyu, wa zai sani? Amma na san na cakuɗa kwalaben ranar da na zuba su a kula. Ta taga ina hango Hajara tana ba yarinyar kunu da cokali, tana hurawa kafin ta kai bakinta. In na miƙa mata AA za ta tafi gida da murna. In kuma ba nata ba ne, za a yi ta ba yarinya maganin zazzaɓi da na shawara, ciwon na cin ta ba wanda ya san sunansa. Na ajiye biro na tafi wurin likita.

Likita ya dubi kwalaben ya dube ni, ya ce, “Rifkatu, ke ce kuwa?” Wannan tambayar ta fi mini zagi zafi. Ya ce ba a canke da jinin yaro, sai an sake ɗiba, kuma ni zan gaya musu da bakina. Na fita zan gaya mata, ina isa gabanta ƙarfin halina ya gudu. Na ce ba a gama ba, ta dawo gobe. Ta dube ni ta ce, “Sista, ko an ga wani abu ne ake ɓoye mini?” Na ce a'a. Ta saɓa 'yarta ta tafi neman keke. Daga baya ta gaya mini ranar ko ruwa bai wuce mata ba, ta riga ta yanke cewa abin da aka gani ya fi ƙarfin faɗa. Kuskuren kwalba na gaggawa ne, amma wannan goben da na ce mata tsoro ne, kuma ita ta fi ba ni kunya har yau.

Juma'a da safe ta zo da mijinta, Malam Usman, kafinta ne, da garin katako a kafaɗarsa, ka san daga wurin aiki aka taso shi. Na shigo da su ciki na ba su kujera, na ajiye kwalaben biyu a gabansu, na faɗi abin da na yi ba tare da na laɓe bayan wuta ko janareto ba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya juyo da fuskar yarinyar wajena, ya ja fatar idonta ƙasa da yatsa.

“Malama, kin ga idon nan kuwa? Jinin nawa ne a jikin nata da za a yi ta ɗiba kamar famfo?”

Na ba shi haƙuri, na ce ɗan kaɗan ne, bai kai cikin cokali ba. Ya ce wancan karon ma haka aka ce. Ya tashi, ya ce da matarsa ta taso. Tana fita ta waiwayo ta dubi kwalaben, ba ni ta duba ba. Ɗaya Ummin kuwa na kira lambar babanta, ya ce sun tafi Dukku biki, sai wani satin. Ranar Lahadi na je coci na zauna na tashi, in kun tambaye ni abin da aka yi wa'azi a kai ban sani ba.

Litinin da safe ina share teburi sai ga sallama a taga. Hajara ce ita kaɗai da goyonta, babu miji, babu ƙanwar miji. Na tambaye ta ko Malam ya yarda. Ta ce bai ce e ba, amma shi ya tsayar mata da keke.

Na zaunar da ita, na yanko filasta, na fara sa lamba kafin komai. Sannan na ce mata yau ba Ummi zan rubuta ba, sunan yanka nake so. Ta sunkuyar da kai kamar rannan. Na miƙa mata biro ko za ta rubuta, ta ce ba ta yi boko ba. Sai na ce to ga dabara, zan riƙa jero sunaye, in na zo kansa ta gyaɗa kai kawai, ba sai ta buɗe baki ba. Na fara, Hadiza, A'isha, Fatima, Zainab, tana girgiza kai. Na ce Maryam, na ce Rabi, na ce Amina. Sai ta ɗaga mini hannu.

“Bari, Sista. Kada ki ce wani mai kama da shi in gyaɗa da kuskure. Zan faɗa.”

Ta kwanto yarinyar ta ɗora a cinya, ta dubi ƙofa ko akwai mai ji. Ta buɗe baki ta rufe. Ni kuma na kawar da idona kan filasta, na ba ta lokaci. Can na ji murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada abin ya fashe a bakinta.

“Sa'adatu.”

Yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba, don ba ta san da ita ake ba. Tun ranar suna uwar ba ta taɓa furta shi ba sai ranar. Na rubuta Sa'adatu Usman, Bagadaza, na karanta mata, ta ce haka ne. Idona ya cika, sai da na goge da kafaɗa kafin na iya neman jijiya a bayan ɗan hannun. Allah ya taimake ni, tsira ɗaya na samu.

Ban sake ce mata gobe ba. Janareto ya dawo daga gyara, na roƙi likita aka tayar saboda ita. Takarda ɗaya ta rage mini, na sa almakashi na yanko 'yar siririya daga gefe yadda Baba Dauda ke yi in abu ya yi wuya. Ana bukatar jinin da aka san shi a gefe don a gwada da shi, ni kuwa AS ce, nawa layi biyu yake bayarwa, na gaba da na baya. Na tsira yatsana na ɗiga kusa da nata. Rabin awar nan ina tsaye a kan akwati, ita tana ƙarƙashin maina. Da na buɗe, layin Sa'adatu guda ɗaya ne, ya tsaya daidai da nawa na baya. SS. Kwalba ta shida ce tata. Da na bi rajista ranar Alhamis, da takardar lafiya na miƙa mata.

Likita ne ya gaya mata, ni ina tsaye a gefe. Ta yi salati a hankali, hawaye na zuba, ba ta yi kuka da murya ba. Da suka gama ta biyo ta tagata da takardar, ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na ɗora yatsa a kai. Ta ce in karanta. Na karanta. Ta ce, “Ita ce.” Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zani, sannan ta tambaye ni abin da za ta riƙa yi mata. Na maimaita mata abin da likita ya faɗa da irin Hausarmu ta mata, ruwa da yawa, gidan sauro kullum, kada sanyi ya kama ta, ƙaramar ƙwayar da likita ya rubuta kowace safiya, kuma in zazzaɓi ya zo kada a jira gari ya waye sau biyu. Ta ce kwana takwas tana roƙon Allah ya sa dai ta sani, yanzu ta sani. Ni na jawo mata kwana huɗu a cikin takwas ɗin, amma ta yi mini godiya, na rasa inda zan sa kaina.

Ɗaya Ummin ta dawo daga Dukku, na sake ɗibar nata da sunanta na yanka, AA ce. Babanta ya yi dariya ya ce Ummi ai sun fi keke yawa a Gombe.

Bayan kamar sati biyu Malam Usman ya zo da wani abu naɗe a buhu. Ya ajiye a bakin taga bai zauna ba. Katako ne mai ramuka na jera kwalabe, kowane rami da lambarsa, ya ƙona ta da ƙusa mai zafi. Ya ce don kada su sake cakuɗewa, ya juya ya tafi. Shi ne wancan da ke kan teburi, wanda kuka ce in jefar don an kawo na roba. Ranar da na bar aiki ku jefar, kafin nan kada wanda ya taɓa mini shi.

Mashin ɗin da kuke taƙama da shi yana da kyau, ni ma ina son sa, ya hutar da kafaɗata. Amma abin da ka rubuta a kwalba shi zai tofo maka, bai san Ummi ba, bai san Abba ba, bai san Baffa da Inna ba. Tun daga shekarar nan ban sake cewa “yaya sunanta” ba, sunan yanka nake tambaya, ko da mai zuwan Kirista ce 'yar'uwata, sai ta yi dariya ta faɗi na baftisma.

Sa'adatu yanzu tana sakandare, ta fi uwarta tsawo. Ta sha kwanciya, an ƙara mata jini ba sau ɗaya ba, amma tana nan da surutunta. Duk wata suna zuwa a duba yawan jininta. A gida har gobe Ummi ce, uwar ba ta kama sunan ko a ɗaki. Ni kuwa na san shi kamar nawa, amma duk zuwan da za su yi sai na tambaya, kuma kafin yarinyar ta buɗe baki uwar ta riga ta amsa. A bakin tagar nan kaɗai take faɗinsa.

Yau ce ranar zuwansu, ba za su wuce sha biyu ba. Kai mai sati biyu, kai za ka zauna a taga. Ka tambayi sunan yanka, ka kawar da idonka, kada ka gaggauta ta. In ta faɗa, ka rubuta shi cikakke, ka sa lamba, ka karanta mata ta ji.